Uig, can ƙarshen Sikotilan

Jama'a, na leƙa yankin Uig a tsibirin Lewis. Tafiyar jirgin ruwa ce daga garin Ullapool zuwa Stornoway, babban garin tsibirin, sannan mota ta bi da kai cikin fili fetal, babu itace sai tumaki da iska mai ratsa ƙashi.

Abin da ya kai ni shi ne duwatsun Calanais. Dogayen duwatsu ne da aka kakkafa kusan shekara 5,000 da suka wuce, 13 sun yi da'ira, na tsakiya ya doshi mita 5. Baƙar ƙasar nan da mutanen tsibirin suke haƙa su yi makamashi da ita ta daɗe da binne gindin duwatsun, sai a 1857 aka kwashe ta. Babu katanga, kana iya dafa su da hannunka. Wallahi na fi jin daɗin haka a kan kallon kayan tarihi ta bayan gilashi.

Na biya Dun Carloway, hasumiyar dutse mai bango biyu, ba siminti ba laka, ga ta tsaye bayan shekara kusan 2,000.

Amma labarin da ya tsaya mini a rai na 'ya'yan darar ces ne da aka tsinta a gaɓar Uig a 1831, sassaƙen haƙorin dabbar teku, aikin ƙarni na 12. Yawancinsu suna Landan, 11 a Edinbara. Mutanen tsibirin, masu harshen Gelik, guda 6 kawai aka dawo musu da su, su ma aro ne. Ai mu 'yan Najeriya mun san wannan takaicin sarai.