An Sayi United da Kuɗin United

Daren 21 ga Mayun 2025, da Tottenham ta doke mu a wasan ƙarshe na kofin Europa a Bilbao, ban tashi daga kan benci ba sai da mai gidan kallo ya kashe inji. Ci ɗaya mai ban haushi, ana dab da tafiya hutun rabin lokaci, shi ke nan. Yaran Arsenal da na Chelsea sun tare bakin ƙofa suna ihu suna jiran mu fito. Kusa da ni akwai wani matashi sanye da jar riga, idanunsa sun kaɗa sun yi jawur. Ya juyo ya ce, "Baba, wallahi duk a sayar da su. Daga gola har lamba tara, babu ɗan ƙwallo ko ɗaya." Na tambaye shi shekarunsa, ya ce sha bakwai. Na yi lissafi a zuci na ga tun da aka haife shi bai taɓa ganin Manchester United ba bashi a wuyanta ba.

Ni na fara son ƙungiyar nan tun kafin daren da Sheringham da Solskjaer suka kifar da Bayern Munich a 1999. Sana'ata kuwa sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, shekara ashirin da ɗoriya. Saboda haka in an zauna a majalisa ana zagin ƙafar wane da kan wane, hankalina yakan tafi wajen asusu, don a kasuwa na koyi cewa shagon da ya fara rubewa daga littafin lissafi yake farawa, daga baya ne ake ganin kanta ta yi fayau.

Ga yadda cinikin ya kasance, da yaren kasuwa. Wani ya zo yana son shagonka, shago mai ciniki wanda ba a bin sa ko sisi. Ba shi da cikakken kuɗin saye. Sai ya je banki ya ce a ba shi rance, ya jinginar da shagon da bai ma zama nasa ba tukuna. Aka ba shi, ya biya ka, ya karɓi mukulli. Daga ranar, shagon ne zai riƙa biyan bashin da kuɗin ruwansa daga cinikinsa na kullum. Abin da Malcolm Glazer, attajirin Amurka, ya yi ke nan a 2005. Ya sayi United a kan kusan fam miliyan 790, aka ɗora wa ƙungiyar bashin sama da fam miliyan 500. Har 2025, bayan shekara ashirin, uwar bashin tana nan kusan yadda take. Masu bin diddigin asusun ƙungiyar sun lissafa cewa abin da ya tafi a kuɗin ruwa da ladan bankuna da ribar hannun jari ya haura fam biliyan 1. Mu da aka tashe mu da tsoron kuɗin ruwa, wannan kaɗai ya isa ya tayar mana da tsikar jiki. Sai a 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince a taƙaita irin wannan cinikin. Ihu bayan hari.

Malcolm ya rasu a 2014, 'ya'yansa shida suka gaji hannun jarin. Daga wajen 2016 har zuwa 2022 aka yi ta raba musu ribar hannun jari duk shekara, ko an ci kofi ko ba a ci ba. A daidai wannan lokacin rufin filin wasanmu na Old Trafford yana tsufa ba mai kula. Kowa ya ga bidiyon nan na Mayun 2024, ranar da Arsenal ta ci mu a gida, ruwan sama yana kwarara daga rufi zuwa kan kujeru kamar an buɗe indararo. Filin da a da ake alfahari da shi a duk Ingila, ba a ma saka shi cikin filayen da za a buga gasar Turai ta 2028 ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Maƙwabcin shagona ɗan Liverpool ne, kuma duk lokacin da na kawo zancen nan amsarsa ɗaya ce: "Alhaji, ku daina kuka da Glazer. Wa ya fi ku kashe kuɗi a kasuwar 'yan wasa?" Yana da gaskiya ta wani ɓangare, ba zan ƙi ba. An kashe kuɗi, maƙudai ma. Amma kuɗin na ƙungiya ne, daga tikiti da talabijin da tallace-tallace, ba daga aljihun masu gida ba. Na biyu kuma, wanda ya fi ci mini rai, shi ne yadda aka kashe su.

Maigidan da ya koya mini kasuwa, Allah ya jiƙansa, kullum yana cewa riba a wajen saye ake cin ta, wajen sayarwa karɓa kawai ake yi. Ina yaro ina bin sa sarin kaya. Zai buɗe turmi, ya ja zare ɗaya daga gefe ya murza a yatsa, ya jiƙa bakin zanen da ruwa ya goga a farin hankici ya ga ko zai zuba. In bai gamsu ba ya miƙe, ko da dillali zai bi shi har titi yana rantsuwa. Kuma bai taɓa sarin kayan sallah a cikin goman ƙarshe na azumi ba. Tun Rajab ya gama. Yakan ce wanda ya zo saye da buƙata a goshinsa, mai kaya ne zai yanka masa farashi.

United kuwa tun da koci Ferguson ya ajiye aiki a 2013, shugaban gudanarwa David Gill ma ya tafi, sayen jajibirin sallah take yi. Aka damƙa ragama ga Ed Woodward, ma'aikacin banki wanda ya taimaka wa Glazer haɗa cinikin 2005. Mutumin ya iya nemo masu talla, wannan ba musu, amma bai san zare ba. Cinikinsa babba na farko Fellaini ne: akwai sharaɗi a kwantiraginsa da Everton cewa za a iya ɗaukarsa a fam miliyan 23.5, aka bari wa'adin ya wuce, aka dawo ranar rufe kasuwa aka biya miliyan 27.5. Di Maria ya zo a kusan miliyan 60, shekara ɗaya ya tattara ya tafi Faris da asara. Pogba ya bar mu ya tafi Juventus a 2012, muka sayo shi a miliyan 89 a 2016, ya sake tafiya kyauta a 2022. Alexis Sanchez ya ci ƙwallo 5 a wasa 45 da albashin da ya rikita ɗakin 'yan wasa gaba ɗaya.

Na Antony, wanda aka sayo daga Ajax, ya fi tsaya mini a rai, don na ga yadda aka yi shi ƙiri-ƙiri, bayan ma Woodward ya sauka. Agustan 2022, Brighton ta ci mu a gida, Brentford ta zuba mana huɗu kafin a tafi hutu. Hankalin kowa ya tashi, magoya baya suna zanga-zanga. Nan da nan aka ɗauko Casemiro yana da shekara 30, aka koma Ajax da buƙata a goshi, su kuma suka yanka farashi sama da fam miliyan 80. Ba na ganin laifin yaron. Ba shi ya saka wa kansa kuɗin ba, kuma da aka tura shi aro Real Betis ya nuna akwai ƙwallo a ƙafarsa. Ita Brighton ɗin da ta fara tayar mana da hankali, ta ɗauko Caicedo daga Ekwado a ƙasa da fam miliyan 5, ta sayar wa Chelsea a miliyan 115. Wannan shi ne wanda ya sari kayansa tun Rajab.

Har zuwan Odion Ighalo ma haka ne, ko da yake ranar na yi murnar da na daɗe ban yi ba. Ɗan Najeriya na farko da ya saka jar rigar nan, kuma mai son ƙungiyar tun yana yaro a Ajegunle ta Legas. Duk ƙwallon da ya ci sai gidan kallonmu ya kusa tsagewa, har waɗanda ba 'yan United ba suna tafi. Amma me ya kawo shi? An sayar da Lukaku a 2019 ba a maye gurbinsa ba, Rashford ya ji ciwo a baya, sai a daren ƙarshe na kasuwar Janairun 2020 aka buga waya Shanghai neman aro. Allah ya sa aka dace da mutumin kirki.

Da Glazer suka sanar a Nuwamban 2022 cewa suna duba yiwuwar sayarwa, aka ce Sheikh Jassim na Katar ya taya, zancen da ake yi ke nan a majalisa wata da watanni. Na ji mutane suna addu'a da gaske. Wasu don Musulmi ne, wasu don sun ga abin da kuɗin Abu Dhabi ya yi wa Manchester City tun 2008, matasa kuma har sun fara jera Mbappe a gaba. Ni ma na so shi, kuma dalilina ɗaya ne: ya ce zai sayi ƙungiyar ɗungurungum ya share bashin. Har yanzu da za a ba ni zaɓi tsakaninsa da Glazer ba zan yi jinkiri ba. Sai dai daga baya na zauna na ga cewa duk muna roƙon Allah ya ba mu maigida nagari ne kawai, ba wanda ya yi zancen mu da kanmu muna da ta cewa. A Jamus akwai dokar 50+1, wadda ta bar rinjayen ƙuri'a a hannun mambobin ƙungiya a mafi yawan kulob ɗinsu. A Ingila ƙungiyar da ma'aikatan jirgin ƙasa suka kafa a 1878 ta zama haja, mai kuɗi ya saya, ya jinginar, ya bar wa 'ya'yansa gado.

Sheikh ya janye a Oktoban 2023. A Disamba aka sanar Jim Ratcliffe, attajirin Birtaniya, ya sayi kusan kashi ɗaya cikin huɗu, an ba shi ragamar harkar ƙwallo, Glazer kuma suna nan da rinjayensu. Zan yi masa adalci: ya zuba dala miliyan 300 cikin ƙungiyar, abin da waɗancan ba su taɓa yi ba, an kuma gyara sansanin atisaye na Carrington. Amma tsugune ba ta ƙare ba. An sallami ma'aikata 250, aka sake sanar da wasu har 200. An mayar da ragowar tikitin wasa fam 66, ba ragi ga yaro ko tsoho. An soke kwantiragin jakadancin Ferguson. Duk da sunan tsuke bakin aljihu. Su kuma manyan, a Yulin 2024 suka tsawaita wa koci Ten Hag kwantiragi, suka sayo masa 'yan wasa na kusan fam miliyan 200, a Oktoba suka kore shi. Suka yi wata da watanni suna zawarcin Dan Ashworth daga Newcastle ya zo ya zama daraktan wasanni, ya yi wata biyar suka rabu. Sallamar waɗannan kaɗai ta ci fam miliyan 14.5. Albashin masu shara da masu dafa abinci nawa ke nan? Manya suka yi ɓarna, aka cire a jikin ƙanana, wannan ba na iya haɗiye shi.

Sai McTominay. Yaron da ya shigo ƙungiyar yana ɗan shekara biyar. A lokacin, dokar Firimiya ta hana kulob yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku, kuma an ga yadda aka zabtare wa Everton da Nottingham Forest maki. A wannan lissafin, in ka sayar da ɗan gida wanda ba sayo shi ka yi ba, kuɗin gaba ɗaya riba ce a littafi. Aka miƙa shi ga Napoli a kusan fam miliyan 25. Kwana biyu bayan kukanmu na Bilbao ya ci ƙwallon da ta buɗe wa Napoli hanyar lashe gasar Serie A ta Italiya, aka ba shi gwarzon ɗan wasan gasar. Na kalli ƙwallon a waya a shago, na yi masa murna, ƙirjina kuma yana zafi.

Mutanen Manchester sun yi abin da za su iya. Wasu sun ɓalle tun 2005 sun kafa FC United. A 2010 suka fito da gyale kore da ruwan zinare, launin ƙungiyar na asali, har Beckham ya ɗauki ɗaya ya rataya ranar da ya zo da AC Milan. A Mayun 2021, bayan yunƙurin da wasu manyan ƙungiyoyi har da United suka yi na ɓallewa su kafa gasar kansu mai suna Super League, suka kutsa cikin fili har aka ɗage wasan Liverpool. Mu a nan ba mu da ko wannan. Rigunanmu na kasuwa ne, ba abin da za mu ƙaurace wa. Amma fa ana ƙirga mu. Lokacin da ƙungiyar take gaya wa masu talla tana da mabiya sama da biliyan 1, har da mu masu zama a benci cikin zafi. Don mu suka zo Abuja a 2008 suka buga da Portsmouth, don mu suka ƙulla talla da Glo da Chivita. Kuɗin shiga da muke ba mai gidan kallo, shi ya biya kuɗin tasha, tasha ta biya Firimiya, wani ɓangare ya gangara Old Trafford, daga can ya wuce banki. Wanda ake cin kasuwa da kansa yana da haƙƙin ya san inda kuɗin ke tafiya, ba wai ya tsaya a zagin Maguire ba.

Ranar wasan ƙarshe na kakar da aka doke mu a Bilbao muka ci Aston Villa biyu da nema, muka ƙare a na 15 da maki 42, mafi muni tun da aka fara Firimiya. Amorim, kocinmu a lokacin, ya tsaya tsakiyar fili da makirufo yana ba magoya baya haƙuri. Ana fitowa sai ga matashin nan ya biyo ni, fuska a sake. Ya ce, "Baba, ka ji an ce Cunha na Wolves ya kusa zuwa? Miliyan sittin da biyu da rabi." Na ce na ji, ɗan ƙwallo ne kuma. Na tambaye shi ko ya san lakadan za a biya ko kashi-kashi, da kuma nawa ake bin mu na waɗanda muka riga muka saya. Ya ɗan yi shiru, ya ce bai taɓa dubawa ba. Ya ciro wayarsa, muka tsaya gefen mai shayi yana nema.