Hawan Pisciadù: igiyar ƙarfe ba ta hana faɗuwa

Hanyar da na bi don hawan dutsen Pisciadù sunanta Brigata Tridentina, tana cikin duwatsun Dolomite da ke arewacin Italiya, tsakanin ƙauyen Colfosco da mashigar Passo Gardena. Irin hanyar nan ce da Italiyawa ke kira via ferrata: an kafa turakun ƙarfe a jikin dutse, an zarga musu igiyar ƙarfe mai kaurin ɗan yatsa, inda babu wurin sa ƙafa kuma an dasa matakala. Sojoji ne suka yawaita irin waɗannan hanyoyi a yankin lokacin da Italiya ta gwabza da Ostiriya daga 1915 zuwa 1918, don kai abinci da makamai saman duwatsu. Tridentina dai an yi ta ne bayan yaƙin da jimawa, ta ɗauki sunan wata rundunar sojojin dutse ta Italiya.

Kaya na yi haya a garin Corvara: hular kwano, ɗamarar da ke kama ƙugu da cinyoyi, sai igiya mai reshe biyu, kowane reshe da ƙugiyarsa ta maƙalawa a igiyar ƙarfen. A gindin igiyar akwai wata ƴar jaka da aka naɗe ɗinkakken madauri a ciki. Mai shagon ya ce in mutum ya faɗi, ɗinkin ne zai riƙa farkewa a hankali yana shanye ƙarfin fizgar, kuma jakar da ta taɓa farkewa sai shara. Har nauyina ya tambaya, domin an ƙera su ne don mai kilo 40 zuwa 120.

A nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. Ganin kana maƙale da igiya sai zuciya ta ce ai shi ke nan. Ina! Ƙugiyar zamewa take yi a jikin igiyar ƙarfen, saboda haka in ƙafarka ta suɓuce, gangarowa za ka yi har sai ka iso turken da ke ƙasanka, wataƙila mita uku ko fiye, kana bugun dutse da matakala a hanya. Kayan nan rai suke cetowa, ba su yi alkawarin ƙashi ba. Da wannan ya zauna mini a kai, sai na daina rataya da hannu a igiya ina jan jikina, na koma neman wurin taka ƙafa. Ƙafa ce ke hawa. Wanda ya dogara da damtse, kafin rabin hanya hannunsa ya sage.

Aikin da ya fi yawa shi ne sauya ƙugiya. Duk turken da ka iso, ka cire guda ka maƙala a gaba, sannan ka ɗauko ta biyun. Ba a taɓa cire su tare. Da farko sai da na riƙa faɗa wa kaina da baki, daga baya hannu ya saba. Wata ƙa'idar kuma, mutum ɗaya ne tsakanin turke da turke, don na sama in ya faɗo a kan na ƙasa zai sauka. Wannan ita ake yawan karyawa, saboda Tridentina na daga cikin hanyoyin da suka fi jama'a a Dolomite. Mun yi sammako, amma duk da haka sai da muka tarar da layi a jikin dutse kamar na gidan mai ranar ƙarancin fetur, kowa rataye yana jiran na gaba ya motsa. Wani ya matso har hularsa na gogar takalmina. Na nuna masa turken da hannu, ya gane, ya dakata.

Cunkoson shi ke jawo zubowar duwatsu. Ina tsaye gefen ruwan da ke kwararowa daga sama na ji an kwarma "Sasso!", wato "dutse" da Italiyanci, kafin in ankara wani dutse da bai fi dunƙulen hannu ba ya wuce yana fito. Abin yi a nan shi ne ka manne da bango ka sunkuyar da kai, kada ka ɗaga fuska neman inda ya fito.

Sashen ƙarshe, a jikin wani dutse mai kama da hasumiya da ake kira Torre Exner, shi ya fi miƙewa tsaye. Kafin nan akwai hanyar ƙafa da ke ratsewa zuwa masauki ga wanda ya gaji, kuma na ga masu hankali sun bi ta ba tare da jin kunya ba. A saman ne akwai wata gada mai lilo, wadda kowa ke ɗaukar hoto. Gajera ce, kuma a ganina ita ce wuri mafi sauƙi a duk tafiyar, tsoron ido ne kawai.

Masaukin Pisciadù yana kan mita 2,585, kusa da ɗan tafki. Musulmi ya tambaya kafin ya ci, domin dunƙulen burodin da suke kira canederli galibi da naman alade ake haɗa shi. Daga nan zuwa ƙololuwar Cima Pisciadù, mai mita 2,985, sauran hawan mita 400 ne kan tsakuwa da ɗan rarrafe. Agogo da gajimare ne ke yanke hukunci, ba kuzari ba. Da bazara hadari kan taso bayan azahar, igiyar ƙarfe kuwa hanyar tsawa ce. Mun kai sama rana na tsaka, muka ga farin ƙanƙarar dutsen Marmolada daga kudu, ba mu daɗe ba muka juyo.

Saukowa ta kwazazzabon Val Setus, hanya mai lamba 666, ita ta fi ba ni wuya. Gangare ne mai tsakuwa da ke gudu ƙarƙashin takalmi, da igiya a sashen sama kawai, ga guntun ƙanƙara da bai narke ba, ga gwiwa ta riga ta yi laushi. Da yawa tun a masauki suka tuɓe hula suka cusa a jaka. Ni ban cire tawa ba sai da na iso wurin ajiye motoci.