Wa ke riƙe da faifan, wa kuma ke ganinsa?

'Yan uwa masu kula da ɗakin saba a Jidda da Riyad, akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa a akwatin ajiya irin Dell PowerVault MD: kontirolar (na'urar da ke sarrafa faifan a cikin akwatin) da ke riƙe da faifai, da sabar da aka ba izinin ganinsa. Kowanne da matsalarsa.

Akwatin yana da kontirola biyu, 0 da 1. Duk faifan da ka yanka daga rukunin RAID (faifai da yawa da aka haɗa su yi aiki kamar ɗaya) yana da kontirolar da aka ware masa tun farko, amma ba lallai ita ke riƙe da shi yanzu ba. Kebul ya saki ko suwic ɗaya ya mutu, sai faifan ya koma hannun ɗayar, manhajar MDSM, wadda ake sarrafa akwatin da ita, ta fito da gargaɗin cewa ya bar hanyarsa ta asali. Nan ne gaggawa ke ɓata aiki. Mutum ya ga gargaɗi, ya danna a mayar da kowane faifai gidansa, alhali hanyar da ta yanke tana nan a yanke. Faifan ya koma, ya sake tsallakowa, saba kuwa tana ta zubo kurakuran karatu da rubutu.

Daga saba ake farawa. A Linux ka buga multipath -ll, ka tabbatar kana ganin hanya zuwa kontirolar biyu; a Windows ka duba MPIO, direbanta na hanyoyi da yawa. Sai hanyoyin duka sun tashi ake mayarwa. Idan saba ba ta da direban hanyoyi da yawa, to ka tsayar da duk wani rubutu kafin ka sauya mai riƙe da faifan.

Batun izini ya fi haɗari, don shi ke cinye bayanai. Ana yi wa saba rajista da WWPN, lamba mai alama 16 ta kowace tasha a katin Fibre Channel da ke haɗa saba da akwatin, ko da sunan shaida na IQN idan haɗin ta iSCSI ne, wato ta hanyar sadarwa ta yau da kullum. Ka kwafo shi daga sabar kanta, kada ka rubuta da ka. Ka kuma zaɓi nau'in saba daidai, VMware ko Windows ko Linux, domin da shi akwatin ke sanin yadda zai yi idan hanya ta katse.

Kada ka sa saba biyu a rukunin saba ɗaya mai ganin faifai ɗaya sai in kilasta ce ta gaskiya, wato sabobin da aka tsara su yi aiki tare. VMFS, tsarin fayil na VMware, an gina shi don a raba; NTFS na Windows ko ext4 na Linux kuwa, saba biyu suka rubuta a kai lokaci guda, teburin fayil ya lalace, kuma ba lallai a gane nan take ba. A kilasta, lambar LUN, wato lambar da saba ke ganin faifan da ita, ta zama ɗaya a kowace saba. LUN 31 ka bar shi yadda yake, ta nan ake sarrafa akwatin daga cikin saba.

Cire izini kuma, sai an sauke faifan (unmount) daga saba tukuna. Irin wannan aiki a yi shi safiyar Juma'a, lokacin da ofis ke rufe. Kamfanonin jigilar alhazai su gama nasu kafin Ramadan, don daga nan har bayan Hajji ba wanda zai yarda ka taɓa saba.