Daga Agege zuwa Badagiri da kyamara a haɓa

Ɗan kawuna da ke zaune a Agege ya sayi babur mai injin 250cc, ya ƙwallafa rai sai ya riƙa ɗaukar yawonsa yana sakawa a YouTube. Da yake ina taɓa ɗaukar bidiyon biki a Kano, sai ya matsa mini in sauko Legas in haɗa masa kayan. Girman injin ba don burga ba ne kawai. Tun dokar hanya ta 2012, zamanin Gwamna Fashola, aka hana babur ɗin da bai kai 200cc ba hawa manyan tituna da gadoji. A 2022 kuma gwamnatin Sanwo-Olu ta haramta acaba ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni, ta ƙara huɗu a Satumba. Ikeja na cikin na farko. Nasa ba na haya ba ne, amma wa ke son dogon bayani a bakin titi? Ranar sayayya muka bar shi a gida, muka hau jirgin ƙasan jan layi da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, daga tashar Agege zuwa ta Ikeja, muka taka zuwa Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci.

Ya riga ya mallaki GoPro, 'yar ƙaramar kyamarar ɗaukar bidiyo a kan tafiya, yana ganin aiki ya ƙare. Na ce masa yanzu aka fara. Kyamarar ba ta da ramin makirfo a jikinta, sai an saya mata wata riga da ake kira Media Mod, ita ke da rami mai faɗin milimita 3.5. Shi kansa makirfon ɗan ƙarami ne, irin wanda masu karanta labarai ke maƙalawa a wuyan riga. A nan ake yawan yin asarar kuɗi. Ka dubi bakin wayarsa, ka ƙirga baƙaƙen zobban da ke jiki: mai uku na wayar hannu ne, mai biyu shi ne na kyamara. In ka soka mai uku ba tare da mahaɗi ba, kana iya dawowa daga tafiya ka tarar da hoto tas, murya babu. Ban bari mun biya ba sai da muka jona komai a kan kantar shagon, ya yi magana, muka saurara. Muka ƙara da katin ajiya 128GB mai alamar V30, don wanda bai kai wannan sauri ba yakan sare a tsakiyar ɗaukar 4K, da batir na biyu, da 'yar hular gashi da ake sa wa makirfo saboda iska.

Da yamma muka baje kayan a tabarma a ƙofar gida, yaran unguwa suka yi mana zobe. Shi so yake a kafa kyamarar a tsakiyar hular kwano, don a nan ya ga wasu suna sawa. Na hana. A can sama iska na kama ta tana fizgar wuya, hoton kuma sai ya fito ba babur ba hannu, mai kallo bai san a kan me yake ba. Kan babur ma ba wuri ba ne, domin jijjigar inji mai silinda ɗaya tana sa hoto rawa, kuma in ka waiwaya ka ga wani abu, kyamara na can tana kallon gabanta. Haɓa ita ce wurin. Tana kusa da idon matuƙi, tana juyawa tare da shi, kuma tazararta da baki ba ta kai taƙi ba, wayar makirfo ba sai ta yi tsawo ba. Sharaɗi dai hular ta zama mai rufe fuska duka.

Na goge wurin da sifirit, na danna matsugunin mai gam ɗin 3M da ƙarfi, na ce kada ya taɓa sai ya cika awa 24. Ya ce, "Haba Yaya, ai ya kama." Na ce ya kama a tabarma, bai kama a ramin titi ba. Washegari na ɗaure kyamarar da siririyar igiya a jikin hular, ko gam zai ci amana. Sai saitin kusurwa, wanda ba a yi a tsaye. Ya hau babur ya riƙe kai ya sunkuya yadda yake tuƙi, ni ina kallon hoton a waya ina ɗaga ta sama kaɗan kaɗan, har madubai da agogon gudu suka tsaya a ƙasan hoto, titi da sama suka cinye sauran. Na mayar da ita kan 50Hz, na zaɓi hoto 50 a daƙiƙa, domin wutar lantarkinmu a kan 50 take kaɗawa, in ka bar ta a saitin Amurka fitilun shaguna sai su riƙa ƙyaftawa a bidiyo.

Makirfon ya fi komai cin lokaci. Na cusa shi cikin soson kunci, gefen baki, ba saitin baki ba, kada numfashi ya riƙa dukansa. Na bi da wayar ƙarƙashin soson, na liƙe da salatif, na bar mata ɗan sako-sako. Na rufe kafar iskar haɓa. Wata tsohuwar waya kuma na naɗe ta a tsumma na sa a jakar baya kusa da salansa, ta ɗauki kukan inji ita kaɗai. Kafin a tashi akan tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, wannan ƙarar ce za ta nuna inda za a haɗa sautukan biyu wajen tacewa.

Ranar Lahadi bayan asuba muka ɗau hanya, shi a gaba, ni a baya. Ta Dopemu muka bi, Akowonjo, Egbeda, Idimu, titi fayau. A Igando na sa ya tsaya na saurari abin da muka samu. Muddin gilashin hular na rufe, muryarsa na fita sarai ko ana gudu. Da zarar zafi ya dame shi ya ɗaga gilashin, sai ka ji kamar ana yaga sabon yadi a cikin kunnenka. Wata matsalar kuma ba ta na'ura ba ce. Mutumin da ke cika gida da surutu, ga shi ya kasa wuce "Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo", yana maimaitawa yana gaishe-gaishe. Na ce ya manta da masu kallo, ya ɗauka ni yake nuna wa gari. Daga nan bakinsa ya buɗe, har ya wuce gona da iri, don makirfo bai bar komai ba: salatin da ya saki da wata tirela ta matse mu, da abin da ya faɗa wa wani direban danfo, motar bas ta haya, a Iyana Iba, wanda ba zai shiga intanet ba ko da kuɗi.

A kasuwar Alaba Rago muka tsaya karyawa. A lokacin, nan Hausa ce ke tashi ta ko'ina, raguna, buhunan albasa da wake, 'yan acaba daga Kebbi da Jigawa da Nijar sun jeru a bencin mai shayi. Muna sauka hira ta mutu. Wani dattijo ya nuna haɓar ɗan kawuna da cokali, ya ce, "Samari, wannan abin yana ɗauka ne?" Na ce, "Baba, yanzu za a kashe." Na kashe a gabansa, na juya hular ta kalli bango. Ban ga laifinsu ba. Gari ne da ake kama babura a kai su a murƙushe, kuma da yawansu da bashi suka karɓi abin hawan. Fuska ko lambar babur a bidiyon wani tana iya zame musu fitina. Da shayi ya ratsa, su da kansu suka ce a kunna, wani yaro ya aika gaisuwa ga mahaifiyarsa a Argungu, dattijon dai ya ce shi a bar shi. A ganina wanda zai sa kyamara a hula a Legas ya fara koyon inda maɓallin kashewa yake da safar hannu, ba tare da ya duba ba.

Titin Badagiri tun 2009 ake faɗaɗa shi zuwa layi goma. Wani wurin shimfiɗe yake, wani wurin ƙura, shi ya sa duk tsayawa sai na goge idon kyamara da ƙyalle. Bayan Agbara shingayen jami'ai suka fara yawa, hanyar iyakar Seme ce da ke fita Kwatano. Tun daga nesa yake kashewa. A cunkoso ma kashewa muke yi, domin waɗannan ƙananan kyamarori iskar tafiya ce ke sanyaya su, in an tsaya a rana sai su ɗau zafi, batir kuma ya zube a banza.

Kafin azahar muna Badagiri, garin ƙabilar Egun, ga kwakwa ko'ina. Muka ga benen nan da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake cewa shi ne bene na farko a Najeriya, ɗan ƙarami da matakalar katako. Muka bar babur a wurin wani mai gyaran taya ɗan Sakkwato, muka shiga kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, muka taka hanyar yashin da aka riƙa kora bayi a kai zuwa jiragen Turawa. Na ciro kyamarar na riƙe a hannu, na maƙala masa makirfon a cikin riga. Iskar teku ta fi ta titi naci, ba ta tsagaitawa, sai da ya ba ta baya na tsaya a gabansa sannan aka ji abin da yake faɗa. Raɓar gishiri kuwa ta dusashe gilashin har sai da na wanke da ruwan leda.

Da dare a Agege muka zuba komai a kwamfuta. Hoton ba shi da abin gyara, kyamara ta yi aikinta. Inda muka yanka muka zubar duk saboda sauti ne, yawanci inda ya ɗaga gilashi, da wani dogon yanki bayan Ijanikin inda iska ta riƙa shigowa ta ƙarƙashin haɓa. Maganin wannan ɗan labulen da ake sa wa hula a ƙasa ne, tamu ba ta da shi. Kafin in kama hanyar Kano muka kai wa wani tela a unguwar, ya yanka daga tsohuwar rigar sanyi ya ɗinka masa da maɗauri. Yanzu Epe yake shirin zuwa ta Ikorodu, ya ɗauki kasuwar kifi.