Jan biron da ya gyara mini lissafi

Lokacin da muke darasin ƙidayar jama'a, malaminmu ya ba mu aikin gida a kan Indiya. Na duba na ga matsakaicin haihuwar mace ɗaya a can ya sauko 2.0, alhali an koya mana cewa sai ya kai 2.1 'ya'ya ke cike gurbin iyaye. Da gadara na rubuta cewa yawan Indiyawa ya soma raguwa. Takarda ta dawo da tambaya ɗaya a gefe, da jan biro: "To 'yan matan da aka haifa shekara 20 baya fa, ina ka kai su?"

Na kwana ina juya maganar. Washegari na zana dalar shekarun ƙasar, yara a gindi, tsofaffi a tsini, sai ga cikinta ya kumbura da matasa. Ko kowace mace ta tsaya a biyu, masu haihuwar sun yi yawan da jarirai za su rinjayi mamata na shekaru masu yawa. Shi ya sa Indiya ta wuce Sin a 2023 duk da haihuwa ta ja baya. Duniya ma haka: daga kusan 'ya'ya 5 a shekarun 1960 zuwa 2 da 'yan kai, amma mun cika biliyan 8 a Nuwamban 2022, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya na hasashen sai wajen tsakiyar shekarun 2080 za a tsaya, a sama da biliyan 10.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne juyin lamarin. Sin ta soke dokar haihuwar ɗa ɗaya a 2016, ta halatta uku a 2021, amma a 2022 yawanta ya fara sauka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Uwayen da ake nema yau, ba a haife su ba tun farko. Koriya ta Kudu kuwa, da matsakaicin haihuwa 0.72 a 2023, ko a takarda abin na da ban tsoro: mutum 100 su bar jikoki kamar 13.

Wannan lissafin sau uku na maimaita shi kafin na miƙa, don na san jan biron nan bai ƙare ba.