Sitacin da ya taru a ganye ba girma ba ne

Mun dasa tsiron itacen turare a ɗakunan leda masu buɗaɗɗen sama, don mu ga ko ƙarin iskar kabon (CO2), wadda ganye ke zuƙa ya haɗa abinci, yana ƙara musu girma. Rabinsu suna samun iskar waje, mai CO2 wajen 420 ppm (kashi 420 cikin miliyan), sauran kuma muka ɗaga musu zuwa 700. A kowane ɗaki ƙasa iri biyu ce: rairayi marar taki, da wadda muka zuba wa naitirojin da fosfaras.

Tun daga tsinkar ganye ake ɓata aiki. Ganye yana tara sitaci da rana, ya kwashe shi da dare, saboda haka wanda ya tsinki wani da hantsi, wani da la'asar, bambancin lokaci kawai zai auna. Da sanyin safiya muke tsinka, duka cikin awa guda, kuma sai ganyen da ya gama buɗewa. Ganyen da aka tsinka yana ci gaba da numfashi, yana cin sukarinsa. Nan take muke sa shi a ƙanƙara, mu gasa a maikurowef mai wat 600 na daƙiƙa 90 don numfashin ya tsaya, mu busar a zafin digiri 70 kwana uku, sannan mu niƙa shi lukui.

Daga garin muna ɗibar miligiram 30, mu dafa a etanol mai ƙarfin kashi 80 a digiri 90, minti goma, har sau uku. Sukari yana cikin ruwan da aka tace, sitaci yana cikin abin da ya kwanta, wanda ake narkarwa da amilas da amiloglukosidas, sinadaran da ke farfasa sitaci ya zama sukarin gulukos, a auna gulukos ɗin da ya fito. In aka yi ƙwauron wanki, ragowar sukari sai ya shiga lissafin sitaci.

Tsiron da suka fi tara sitaci su ne na rairayi a ƙarƙashin 700 ppm, kuma su ne ba su ƙara girman kirki ba. Ganye ya haɗa abinci, amma babu naitirojin da fosfaras ɗin da za a gina sabon reshe da saiwa da su, sai ya jibge. Masu taki kuwa sun mai da nasu katako. A lura da tukunya: ƙarama tana matse saiwa, ta sa sitaci ya taru ko da ƙasar tana da kyau.

Manyan gwaje-gwaje sun nuna haka. A dajin Jami'ar Duke a Amurka, inda aka ƙara 200 ppm na CO2 daga 1996 zuwa 2010, ƙarin girman itatuwan fain ya fi fitowa inda naitirojin ya wadata. A gwajin ƙarin CO2 mai suna EucFACE kusa da Sidni a Ostireliya, tun 2012, manyan itatuwan turare a ƙasa mai ƙarancin fosfaras sun ƙara zuƙar kabon, amma kututturensu bai ƙara kauri ba. Akasarin ƙarin kabon ɗin ya koma iska ta hanyar numfashi, wajen rabin ƙarin ta ƙasa ya bi. Shi ya sa ban yarda da sakamakon sitacin ganye shi kaɗai ba, sai an haɗa da na saiwa, da nauyin busasshen itacen, da awon ƙasar.