Saƙon godiya bayan dawowarmu daga Adre

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, Allah ya dawo da mu Kano lafiya, ni da Malam da babbar 'yarmu, daga gabashin ƙasar Cadi, inda muka yi aikin sa-kai wajen yaran Sudan da yaƙi ya koro daga gidajensu. Tun saukarmu gidan bai yanke da masu zuwa barka da dawowa ba, wasu sun kira ba mu samu ɗauka ba. An ce yaba kyauta tukwici, to ga namu, tunda bin kowa gida-gida ya fi ƙarfinmu.

Masu tambayar ina ne Adre, gari ne a bakin iyakar Cadi da Sudan, gaba da Abeche. Yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF (wata rundunar kar-ta-kwana ta ƙasar) ranar 15 ga Afrilun 2023, kuma bayan kisan gillar da aka yi a Al-Junaina, wani birni a yankin Darfur na yammacin Sudan, a watan Yunin shekarar, jama'a suka yi ta tsallakowa, wasu a ƙafa, wasu a kan jakuna, har waɗanda suka yada zango a gefen garin suka haura 200,000, akasarinsu mata da yara 'yan ƙabilar Masalit. Ta wannan hanyar alhazanmu na dā suke bi in za su Makka ta ƙasa. Kakan Malam ma ta nan ya wuce, kuma har ya rasu yana ba da labarin mutanen Darfur da suka ba shi ruwa da makwanci ba su san shi ba. Jikokinsu ne muka tarar a ƙarƙashin tamfol da tsumman zani. Shi ya sa da wata ƙungiyar agaji ta nemi ma'aikatan jinya da malamai, Malam bai yi dogon tunani ba.

Godiya ta farko ga 'yan kasuwar Kantin Kwari da suka haɗa mana yadi da atamfa, da telolin layinmu a Gwammaja da suka kwana kan keke ba su karɓi ko sisi ba. 'Yan Ƙofar Wambai kun ba da rigunan sanyi da silifa da bokitai, kuma wallahi rigunan nan sun yi rana, domin sanyin hunturu a filin nan yana shiga har ƙashi. Matan Islamiyyarmu sun sadaukar da ɗaukar adashi guda cur. Akwai wata Inna mai tuyar ƙosai a bakin masallaci da ta tare ni da sassafe, ta kwance bakin zaninta, ta zaro cinikinta na ranar, duk ya sha mai, ta ce, "Hajiya, ki saya wa yaran sabulu." Inna, an sayi sabulun, ni da hannuna na raba shi. Direban da ya ɗauki kayan ta Maiduguri da Gamboru da Kusiri har Injamena, Allah ya tsare gabanka da bayanka.

Tunda da dukiyarku muka je, haƙƙinku ne ku ji abin da aka yi. Ni an ajiye ni wajen awon tamowa. Ana zagaya wani ɗan tef mai launi uku a dantsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. In ya tsaya a kore, lafiya lau. Rawaya, a sa ido. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi tsanani. Sai a danna bayan ƙafarsa da yatsa, in gurbin ya zauna bai taso ba, akwai kumburi. Daga nan a miƙa wa uwa ƙunshin abincin tamowa, wanda ake haɗawa da gyaɗa da madara da sukari da mai. Yaron da ya iya ci, a gida za a yi jinyarsa ana dawowa awo duk mako. Wanda ya kasa, sai kwanciya. Na auna wata yarinya da yatsuna biyu suka zagaye dantsenta har suka haɗu, ko kuka ba ta da ƙarfin yi. Kafin mu taho ta koma rawaya, tana fisge ƙunshin daga hannun kakarta. Na daɗe ina aikin asibiti a Kano, ban taɓa murnar ganin rigimar yaro irin ta ranar ba.

Malam yana rumfa da allo da tawada, 'yarmu kuma tana wajen wasa da kitson 'yan mata. Amma gaskiya ɗaya ce, mu 'yan taya aiki ne. Masu ɗauke da nauyin su ne 'yan Sudan ɗin kansu, malamai da ungozomomi da ma'aikatan jinya waɗanda su ma gudun hijira suka yo. Lokacin da zazzaɓi ya kayar da Malam har ya daina gane mutane, ɗaya daga cikinsu ce ta sa masa ruwa ta tsaya a kansa har asuba, alhali ita kanta ba ta san inda mijinta yake ba. 'Yar'uwa, ba kya jin Hausa, amma na roƙi a karanta miki wannan. Haka Alhajin nan Bahaushe mazaunin Abeche da ya sauke mu a gidansa har Malam ya miƙe, Allah ya yi wa zuri'arku albarka.

A gida kuwa, Yaya, kin riƙe mana ƙanana kamar ke kika haife su, makaranta da Islamiyya ba su yi fashi ba. Maƙwabta kun kula da Hajiya tsohuwa, Malam Liman ya sa mu a addu'a bayan kowace salla. Allah ya bar zumunci.

Da yawa kun nemi hotuna. Ku yi haƙuri, ba mu ɗauki fuskar yaro ko ɗaya ba. Ba zan so a yaɗa hoton ɗana a ranar da ya fi kowace rana galabaita ba. Wasu kuma, da kyakkyawar niyya, sun ce me ya hana mu taho da marayu a raine su a Kano. Yaro da yawa da ake gani shi kaɗai ba maraya ba ne, rabuwa ya yi da nasa a wajen gudu, kuma Red Cross tana aikin neman dangi da haɗa su ta waya. In aka ɗauke shi zuwa wata ƙasa, uwar da ke bin rumfa-rumfa tana cigiyarsa ina za ta gan shi?

Lissafin duk abin da aka tara da yadda aka kashe shi yana hannun Malam Liman, mai son dubawa ƙofa a buɗe take. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa a mizani, ya jiƙan mahaifa, ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Amin.